Kafin mu yi wa ƙaramar waya jana'iza

Daren Asabar da ta wuce, a fadarmu, shayi na biyu yana kan wuta, wani abokinmu ya yanke hukunci. Ya ce nan da shekara biyar ba za a ƙara ganin waya mai maɓalli a Damagaram ba, sai dai a hannun yara suna wasan gidan ƙasa da ita. Yana cikin bayani, ya je Dubai ya dawo ta Sin, sai aljihunsa ya ɗauki ƙara. Ya sa hannu ya fiddo wata ƴar Itel baƙa da aka ɗaure bayanta da roba, ya ce, "Na'am Inna, ina jin ki." Babbar wayar tasa, wadda ya ɗauki adashi ya saya, tana can wurin mai caji tun la'asar. Muka yi ta dariya har shayin ya kusa ƙafewa.

Da na koma gida na kwanta sai na ga maganar ta fi ƙarfin dariya. Abin da abokina ya faɗa shi ne abin da yawancinmu muka yarda da shi, mu ƴan birni da muka yi lakwal. Kuma shi ne abin da masu zama a ofis a Yamai suka fara ɗauka tamkar an gama, har suna tsara ayyuka a kansa. To a nan ne matsalar take. Idan ni da kai muka yi kuskuren hasashe a fada, ba wanda ya rasa komai. Idan mai tsara rajista ko mai rabon tallafi ya yi kuskuren, wani ne a Dungas ko Tanut zai kwana da yunwa.

Bari in faɗi matsayina tun yanzu don kada wani ya ce na zo kare kayan tarihi. Na yarda wayar shafa za ta ci gaba da mamaye kasuwa, har ƙauye. Ni ma da ita nake rubuta wannan, ku ma da ita kuke karantawa. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ce an riga an gama, ko an kusa. Tsakanin yau da ranar da tsohuwa a Mirya za ta iya riƙe wayar shafa, ta caja ta, ta saya mata mega, ta gane abin da ke cikinta ba tare da ta miƙa wa ɗan maƙwabta ba, akwai shekaru masu yawa. Tambayar da ta dame ni ita ce wa za a bari a baya cikin waɗannan shekarun, kuma wa zai ɗauki alhakin.

A wasu ƙasashen wannan gardama ta daɗe da mutuwa. An nuna iPhone ta farko a watan Janairun 2007, kuma a lokacin manyan kamfanonin waya da yawa sun raina ta, suna ganin ɗan kasuwa ko ma'aikaci ba zai taɓa barin maɓallin da yake ji a ƙarƙashin yatsansa ya koma latsa gilashi ba. BlackBerry ce sarauniyar maɓalli a lokacin. Waɗanda suka yi zirga-zirgar Kano wajen 2011 da 2012 sun san yadda ake ji da ita, saurayi ba ya tambayar lambar budurwa, sai dai "ba ni PIN ɗinki". A 2016 kamfanin ya daina ƙera waya da kansa, ranar 4 ga Janairun 2022 kuma ya kashe hidimar tsofaffin wayoyinsa gaba ɗaya. Nokia, wadda ta sayar da 1100 mai tocila sama da miliyan 200, ta sayar wa Microsoft sashen wayoyinta a 2014. Tun 2013 ne manyan wayoyi suka wuce ƙanana a yawan ciniki a duniya. Idan wannan kaɗai mutum ya duba, abokina yana da gaskiya.

Sai dai Afirka ba ta bi wannan lissafin ba. Shekaru bayan 2013, ƙananan wayoyi sun ci gaba da zama rabi ko fiye na wayoyin da ake shigowa da su nahiyar. Kamfanin Transsion na birnin Shenzhen, mai Tecno da Itel da Infinix, da ƙaramar waya mai layi biyu da batiri mai daɗewa ya fara kama kasuwarmu, kafin ya zo mana da masu shafa. Har gobe yana ƙera su, kuma ba don tausayinmu ba. Ka shiga Kasuwar Dole ka duba teburin masu waya, ko ka tambayi masu saro kaya daga Farm Centre ta Kano wace ce ba ta kwana. Ɗan Sin bai yi karatun Hausa ba, amma ya fi wasu masu digirinmu sanin aljihun Bahaushe.

Mu dawo gida. Wayar hannu ta shigo Nijar a 2001, kuma cikin ƴan shekaru eriya ta bazu zuwa manyan kasuwanni ɗaya bayan ɗaya. Wata masaniyar tattalin arziki ta jami'ar Tufts a Amurka, Jenny Aker, ta bi farashin hatsi a kasuwannin ƙasar nan daga 2001 zuwa 2006, ta kwatanta kasuwannin da rezo ya iso da waɗanda bai kai ba. Ta gano cewa bambancin farashi tsakanin kasuwa da kasuwa ya ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin 100 a inda waya ta shiga. Dalilin ba boyayye ba ne. Da, ɗan kasuwar Magarya sai ya hau mota ya je ya gano nawa ake sayar da buhun gero a wani gari, ko ya dogara da labarin direba wanda ya kwana biyu a hanya. Da waya ta zo, kira ɗaya ya wadatar. Hatsi ya riƙa tafiya inda ake bukatarsa. Ku lura fa, babu WhatsApp a lokacin, babu hoto, babu intanet a aljihu. Nokia ce mai maɓalli goma sha biyu ta yi wannan aikin.

Akwai kuma wani gwajin da ya fi shafarmu, domin a jiharmu aka yi shi. A 2009 da 2010, ita Aker ɗin da abokan aikinta, tare da ƙungiyar Catholic Relief Services, sun gudanar da shirin yaƙi da jahilci a ƙauyuka 113 na jihohin Doso da Damagaram. Duk ƙauyukan an koyar da manya karatu da lissafi da harshen gida. Amma a rabinsu an ƙara abu ɗaya: an koya musu yadda ake sarrafa ƙaramar waya, a gane lambobi da haruffa a kan maɓalli, a rubuta saƙo a tura. Da aka yi jarrabawa, waɗanda suka koyi wayar sun fi sauran a rubutu da lissafi, kuma bayan watanni da rufe aji ba su manta kamar yadda sauran suka manta ba. Abin da ya sa, a ganina, mai sauƙi ne. Wanda ya koyi karatu a ƙauye ba shi da jarida, ba shi da littafi, ba abin da zai karanta bayan malam ya tafi. Amma idan ɗansa yana ci-rani a Libiya ko Legas, yana da dalilin rubutu kowane mako. Kuma waccan wahalar da muke raina wa, latsa 7 sau huɗu kafin harafin s ya fito, ita kanta darasi ce. Sai ka san harafin kafin ka nemo shi.

Wannan ya kawo ni ga abin da nake ganin shi ne ainihin ƙarfin wayar shafa a ƙasarmu, kuma ba gilashin ba ne. Murya ce. A 2013 WhatsApp ta fito da saƙon murya, ka danna ka riƙe, ka yi magana, ka saki. A ƙasar da manya masu iya karatun boko ba su kai kashi 40 cikin 100 ba, wannan ɗan maɓallin ya yi abin da shekarun yaƙi da jahilci ba su yi ba: ya ba wanda bai iya rubutu ba damar aika wasiƙa da bakinsa, da Hausarsa ko Barbarcinsa ko Fillancinsa, ba tare da ya nemi marubuci ba. Dillalin dabbobi a Kundumawa yana ɗaukar hoton rago ya tura wa mai saye a Maigatari, a yi ciniki da vokal kafin mota ta tashi. Tela tana nuna ɗinki a status. Ɗan ci-rani yana ganin fuskar jaririn da aka haifa bayan tafiyarsa. Duk wanda ya ɗanɗana wannan ba ya son komawa, kuma ba ni da bakin ce masa ya koma. Har rubutun ma, a gaskiya, wayar shafa ta fi yi wa Hausa adalci. Ƙaramar waya ba ta san ƙ da ɗ da ɓ da ƴ ba, ta sa muka saba rubuta "kasa" mu bar mai karatu ya yi ta canka ko ƙasa muke nufi ko kasawa. A gilashi za ka iya sauya allon rubutu ka samu haruffanmu, ko ka juya shi zuwa Larabci, wanda ya yi makarantar allo ya rubuta da ajami.

Saboda haka sha'awa tana nan, ba a gardama. Abin da babu shi ne hali. Kuma ba kuɗin sayen wayar kaɗai nake nufi ba, ko da yake shi ma babba ne, don kuɗin Android ɗaya mai ɗan dama zai sayi ƙananan wayoyi da yawa. Wayar shafa kamar doki ce, ba sayensa ne wuya ba, ciyar da shi. Kullum tana son caji, kullum tana son mega, in ta faɗi gilashi ya fashe kuɗin gyara ya isa sayen ƙaramar waya sabuwa. Bayan shekara uku ko huɗu kuma manhajojin sun yi mata nauyi, ko kamfanin ya ce ya daina aiki da irinta. WhatsApp ɗin nan da muke yabo ta taɓa aiki a kan wasu Nokia masu maɓalli da kan BlackBerry, ta janye daga BlackBerry a ƙarshen 2017, daga waɗancan Nokia a ƙarshen 2018. Ba wanda ya tambayi mai wayar.

Batun wuta kuwa, mu mutanen Damagaram ba ma bukatar a yi mana lacca. Kusan mutum ɗaya cikin biyar ne ke da lantarki a Nijar, a karkara kuma abin ya fi haka muni nesa ba kusa ba. Mu da muke cikin birni ma, babban kason wutarmu daga Najeriya yake zuwa, ta layin Katsina zuwa Gazawa. Kowa ya tuna watan Agustan 2023, lokacin da Najeriya ta yanke wutar bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, da watannin da suka biyo baya har aka ɗage takunkumin CEDEAO a Fabrairun 2024. A lokacin ne na ga manyan ƴan gayu suna yawo da caja a aljihu kamar carbi, ana layi wurin mai janareto, ana faɗa a kan soket. A lokacin ne kuma aka riƙa buɗe tsofaffin akwatuna ana fiddo "rakani kashi" da aka yi wa ritaya. Ƙaramar waya caji ɗaya tana kwana uku, huɗu, wata ma mako, domin allonta ƙarami ne kuma ba ta da manhajojin da ke shan wuta a ɓoye. Tana da tocila. Tana da rediyo, ka kama Anfani ko Shukura ba ka kashe ko dala ba. A ƙauyen da ake ba yaro waya ranar kasuwa ya kai caji ya biya dala goma ko ashirin, bambancin caji kullum da caji sau ɗaya a mako ba ƙaramin lissafi ba ne.

Akwai wani abin da muka yi saurin mantawa. Ranar 24 ga Fabrairun 2021, bayan an faɗi sakamakon zagaye na biyu na zaɓen shugaban ƙasa, an yanke intanet na wayoyin hannu a ƙasar nan har kusan kwana goma. Duk wanda rayuwarsa da sana'arsa suke cikin WhatsApp ya tsaya cik. Kira da saƙon SMS ne suka rage. Ba ina cewa mu koma ƙaramar waya don tsoron a sake ba, yanke intanet laifi ne ga jama'a ko wace gwamnati ta yi shi, kuma ya kamata mu faɗa. Ina cewa ne al'ummar da ta zuba duk hanyoyin sadarwarta a bututu ɗaya ta sauƙaƙa wa mai son toshewa aiki.

Sannan akwai hannu. Gilashin wayar shafa yana aiki ne da ɗan lantarkin da ke jikin fata, shi ya sa idan hannunka da ruwa ko gumi ko maiƙo sai ya riƙa yin abin da ya ga dama. Ka tuna mai lambu a Gidimuni da hannu cikin laka, ko mahauci, ko mai suyar ƙosai, ko ɗan kabu-kabu da rana tsaka a watan Afrilu lokacin da zafi ya haura 40 kuma ba ka ganin komai a allon. Shi maɓalli ba ruwansa. Ku ɗauki ƙaramar waya ku shafa lamba 5, za ku ji ɗan tudu. An sa shi ne don yatsa ya gane tsakiya ba tare da ido ba. Akwai wani makaho a unguwarmu da ya haddace lambobi da yawa, yana kira da kansa, yana duba kiredi da taimakon jikansa kawai idan saƙo ya shigo. Wayar shafa tana da manhajar da ke karanta wa makaho allo, gaskiya ne, amma galibi da Faransanci ko Ingilishi take magana. Ranar da aka ce ƙaramar waya ta ƙare, wannan bawan Allah ya koma roƙon a kira masa.

Yanzu ga abin da ya sa na zauna na rubuta wannan. Bara gwaggona, wadda ke zaune a wani ƙauye kudu da Matamai, ta ji a rediyo ana rajistar wani tallafi na mata masu ƙananan sana'o'i. Tana yin ƙuli-ƙuli da man gyaɗa shekara fiye da ashirin, ta cika duk sharuɗɗan. Da ta zo wurin sai aka ce rajistar ta intanet ce, a buɗe wani link, a cika, a ɗora hoton katin ɗan ƙasa. Ta nuna wayarta, aka yi murmushi. Wani saurayi da ke zaune a bakin ƙofar da Android ɗinsa ya ce zai cika mata, jaka ɗaya. Ta biya. Ya sa lambarsa a madadin tata, wai don saƙon tabbatarwa ta WhatsApp zai zo. Ba ta ƙara jin komai ba. Ko an zaɓe ta, ko ba a zaɓe ta ba, ko wani ya karɓa da sunanta, Allah masani. Da ta ba ni labari ta ce, "Ɗana, ai laifina ne, ni ce ban da irin wayarku." Wallahi wannan kalmar ta fi asarar kuɗin yi mini ciwo. An tsara abu ba da ita a rai ba, sannan ta ɗauki laifin ta ɗora wa kanta.

Ku duba abin da ya faru a nan da kyau, don ba gwaggona kaɗai ba ce. Idan hidima ta koma manhaja zalla, wanda ba shi da wayar ba ya ɓacewa, yana neman ɗan tsakiya ne. Sai a samu sabuwar sana'a a bakin kowane ofis: masu cika fom, masu karɓar lambar sirri, masu riƙe wa mutane asusu. Wasunsu mutanen kirki ne. Amma tsarin da ya tilasta wa mace ta faɗa wa baƙon yaro lambar sirrin kuɗinta, ko ta bar saƙon likita ya shigo wayar ƙanin mijinta, tsari ne da ya tube mata sutura. Kuma mata ne suka fi shiga wannan halin. Mu daina yaudarar kanmu, gidaje nawa muka sani a cikin birnin nan inda maigida yake da Android biyu amma ya ce matarsa ƙarama ta ishe ta, wai babbar waya tana lalata tarbiyya? Wannan wata gardamar ce da za mu yi wata rana, kuma za ta yi zafi. Amma kafin a gama ta, duk hidimar da aka kulle a cikin manhaja an kulle ta ne ga waɗannan matan.

Abin haushin shi ne ba fasaha ce ta gagara ba. Hanyar tana nan tun tuni, kowa yana amfani da ita kullum: tauraro, lambobi, sannan alamar tsani, yadda muke duba kiredi ko sayen forfe. Wannan hanyar tana aiki a kan kowace waya, ba ta bukatar intanet. M-Pesa ta Kenya ma, wadda aka fara a 2007, ta zama abin da ta zama, a kan ƙananan wayoyi, da menu na cikin layi da saƙon SMS. Ana iya kuma yin layin kira inda murya za ta yi maka bayani da harshenka, ta ce latsa 1, latsa 2. Ba sabon abu ba ne. Abin da ya sa ba a yi shi ne mai tsara aikin yana da iPhone, shugabansa yana da iPhone, mai ba da kuɗin daga waje yana son ya ga manhaja mai launi a rahoto. Fom na intanet kuma kyauta ne, minti goma an haɗa shi, yayin da layin tauraro sai an zauna da Airtel da Moov da Zamani da Niger Telecoms an yi yarjejeniya. Wato an zaɓi abin da ya fi sauƙi ga ma'aikaci, aka bar wahalar ga talaka.

Ba zan tsame mu ba. Mu da muke kiran kanmu ƴan farar hula, sau nawa muka kira taro ta group kaɗai, sannan muka zauna muna mamakin yadda fuskoki ɗaya ne kullum, duk ƴan jami'ar André Salifou da abokansu? Sau nawa muka yi "binciken ra'ayin jama'a" a Facebook muka fito muna cewa matasan Damagaram sun ce kaza? Waɗanne matasan? Na Kara-Kara da Garin Malam da ke tura kurar ruwa, an tambaye su? Jiharmu ce ta fi kowace yawan jama'a a ƙidayar 2012, sama da mutum miliyan uku da rabi, kuma mafi yawansu a karkara suke. Wannan rubutun ma da nake yi, na san waɗanda nake magana a kansu ba za su gan shi ba sai wani ya karanta musu. Ina sane da wannan, kuma bai yi mini daɗi ba.

Abin da nake ganin ya kamata mu nema, kuma mu nace, ba shi da yawa. Duk wata rajista ko biyan kuɗi ko tallafi da ya shafi jama'a, na gwamnati ne ko na ƙungiya ko na kamfani, kada a buɗe shi sai yana da ƙofar da mai ƙaramar waya zai shiga da kansa, ta tauraro ko ta kira, da kuma mutum mai rai a tebur ga wanda ba shi da waya sam. Kuma ƙofar ta yi magana da harshen mutane. A watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. To madalla. Amma har yanzu idan gwaggona ta latsa tauraro, Faransanci ne ke fitowa, sai dai ta haddace "ɗaya, uku, ɗaya" kamar karatun aku, in an sauya tsarin menu ta tura kuɗi inda ba ta nufa ba. Idan matsayin da aka ba Hausa yana da ma'ana, a nan ya kamata a fara ganinsa, tare da Barbarci da Fillanci da Buzanci da Tubanci, don jihar nan ba ta Hausawa kaɗai ba ce.

Akwai kuma wanda bai iso ba tukuna amma yana tafe. Ƙananan wayoyinmu kusan duka a kan rezon 2G suke. Ƙasashe irin su Singafo da Ostareliya sun riga sun kashe nasu, Afirka ta Kudu ma ta fitar da shirin kashewa. Kamfanoni suna son hakan don su juya mitar zuwa 4G da 5G, inda ribar take. Wata rana maganar za ta zo teburin ARCEP, hukumar da ke sa ido kan sadarwa a ƙasar nan. Ranar da aka kashe 2G, ba kasuwa ce ta yi ritayar ƙaramar waya ba, sa hannun mutum ɗaya ne. Gara mu fara tambaya tun yanzu: da wane sharaɗi, bayan shekara nawa, kuma wa zai biya wa makiyayin Tasker sabuwar waya? Kada mu bari sai mun ji a sanarwa.

Wanda ke son wayar shafa ta yi nasara da wuri, kamar abokina, ba gardama da masu ƙaramar waya ya kamata ya yi ba. Ya yi faɗa a kan wuta, a kan farashin mega, a kan harajin da ke kan wayoyi masu araha, a kan makarantar da za ta sa yarinya ta iya karanta abin da ta latsa. Ya kuma duba yaran da ke gyaran waya a bakin kasuwa, waɗanda suka koyi sauya gilashi da narka dalma ba tare da wata makaranta ba, ya tambayi dalilin da ya sa cibiyoyin koyon sana'a ba su ɗauke su da muhimmanci ba. A garin da ake ba da tarihin Sarki Tanimun ya sa maƙera sun zuba igwa a cikin Birni tun ƙarni na 19, abin kunya ne a ce allon waya ya lalace sai an aika Kano.

A namu ɓangaren, na kawo shawara kuma abokan aiki sun amince: daga taro mai zuwa, duk sanarwar da muka sa a group za mu tura ta SMS ga wakilan unguwanni, mu kai ta rediyo, mu kuma naɗe ta da murya a sa a katin waya yadda za a iya turawa ta Bluetooth. Ina roƙon duk wanda ya karanta wannan ya zaɓi mutum ɗaya a gidansu mai ƙaramar waya, ya tambaye shi wace hidima ce ya taɓa rasawa saboda wayarsa, ya aiko mana da amsar, da sunan gari, ba sai da sunan mutum ba. Muna so mu tara su mu kai inda ya dace.

Gwaggona kuwa, da sallah na ce zan saya mata Android. Ta ce in bar kuɗina, in dai ina son yi mata alheri in sayo mata batiri sabo da ɗan faifan sola, don tata wayar ba abin da ta yi mata. Na sayo. Jiya da asuba ta kira ni da ita tana tambayar farashin tiyar gyaɗa a Dole.